Martani: In An Rufe Makarantar Kwana, Ina 'Yar Ƙauye Za Ta Nufa?

Malam, na karanta rubutun da ka yi kwanakin baya, inda ka roƙi gwamnonin Arewa da su soke makarantun kwana na 'yan mata ɗungurungum, su mayar da su na jeka-ka-dawo. Ka ce tara ɗaruruwan 'yan mata a wuri guda a bayan gari shi yake kwaɗaita wa 'yan bindiga zuwa, ka ce babu takardar shaidar karatun da ta kai ran 'ya, kuma makwancin yarinya ɗakin uwarta ne. Ban zarge ka da ƙin karatun mata ba, domin rubutun da kansa ya nuna kana son su yi ilimi. Amma shawarar nan taka, in aka bi ta, a kan 'ya'yan ƙauye za ta ƙare, su kuwa ba ka tsaya ka duba halin da suke ciki ba. Shi ya sa na ga ya zama dole in amsa maka.

Ni malamar makaranta ce. Na koyar a sakandaren kwana ta 'yan mata, an kuma taɓa damƙa mini kula da ɗakin kwanansu, saboda haka tsoron da ka bayyana ba baƙona ba ne. Duk wadda ta taɓa kwana da 'ya'yan mutane a hannunta ta san yadda haushin kare da tsakar dare yake tsinka zuciya. Tarihin da ka jero ma gaskiya ne. A daren 14 ga Afrilu, 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, har yau akwai waɗanda iyayensu ba su sake sa su a ido ba. A 19 ga Fabrairu, 2018 aka ɗauki 110 a Dapchi, biyar suka rasu, Leah Sharibu kuma ba a sako ta tare da sauran ba. A 26 ga Fabrairu, 2021 aka shiga Jangebe a Zamfara, aka kora 279 cikin daji. A Nuwamban 2025 aka afka wa makarantar Maga a jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. Duka waɗannan na kwana ne. Uban da ya ji haka ya je ya ɗauko 'yarsa, ba ni da bakin ganin laifinsa.

Sai dai jerin naka bai cika ba. A 30 ga Mayu, 2021, ido na ganin ido, aka shiga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina ta jihar Neja, aka kwashi yara fiye da 100, cikinsu har da ƙanana ƙwarai, suka shafe kusan wata uku a daji. Ba mai kwana a wannan makaranta. A 1 ga Satumba na wannan shekarar aka ɗauki ɗalibai 73 a sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, ita ma ta jeka-ka-dawo ce. A 7 ga Maris, 2024, da safe, yara sun taru za su shiga aji, aka zagaye makarantar Kuriga a jihar Kaduna, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Yaran Kuriga a ɗakunan iyayensu suka kwana, daga hannun uwayensu suka karɓi koko, kuma hakan bai tsare su ba.

Na yarda dare yana ba mahara lokaci, kuma samun yara a tattare yana sauƙaƙa musu aiki. To amma duba abin da aka riƙa faɗa bayan kowane hari. Ƙungiyar Amnesty ta ce sojoji sun sami labarin harin Chibok fiye da awa huɗu kafin a kai shi. A Dapchi an janye sojoji daga garin makonni kafin zuwan maharan, bayan abin ya faru kuma soja da 'yan sanda suka yi ta tura wa juna laifi. A Maga gwamnan Kebbi da bakinsa ya nemi a binciko wanda ya ba da umarnin janye sojoji daga makarantar jim kaɗan kafin harin. Abin da ya haɗa Chibok da Kuriga shi ne an bar makaranta ita kaɗai, ba mai gadi na kirki, ba mai amsa kiran gaggawa. Wannan ciwon ba ya warkewa don an kwashe gadaje.

Babban abin da ya raba ni da kai, Malam, shi ne wace yarinya kake gani a zuciyarka lokacin da kake rubutu. Ina jin 'yar birni ce, wadda in an rufe ta kwana za ta hau A Daidaita Sahu ta sauka a ƙofar wata sakandare a unguwarsu. Ita wannan ba ta rasa komai ba. Ni kuwa wadda nake gani 'yar shekara goma sha huɗu ce, a ƙauyen da ke da firamare mai aji huɗu da malamai biyu, sakandare mafi kusa kuma tana hedikwatar gunduma, tafiyar kilomita goma ko fiye. Bari mu bi ta kwana ɗaya a tsarin da ka ba da shawara.

Ta tashi da asuba. Kafin ta sa kayan makaranta sai ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta hura wuta, domin a ƙauye ba a ɗauke wa 'ya mace aiki don tana karatu. Sannan ta kama hanya. Hanyar nan ta cikin gonaki ce, da damina dawa da gero sun fi ta tsawo, ba ta ganin mai zuwa, mai zuwa ma ba a ganin abin da ya yi mata. In rafi ya kawo, ranar ba makaranta. In ta ce za ta hau acaɓa, tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin zuwa da dawowa na wata guda ya fi ƙarfin manomi mai 'ya'ya takwas, kuma yarinyar da ɗan acaɓa yake ɗauka kyauta kowa ya san abin da gari zai fara faɗa a kanta. Ta isa bayan an gama darasi na farko, wanda sau da yawa shi ne lissafi, ta sha bulalar latti, ta zauna da yunwa. Ta dawo da la'asar ƙafa duk ƙura, farantin talla yana jiranta, ko surfe, ko goyon ƙani. Bayan isha'i babu lantarki, tocilar gidan guda ɗaya ce. Yaushe za ta buɗe littafi? Kuma a wannan hanyar da take bi sau biyu kullum, a yankunan da kake magana a kansu, a nan ake tare mutane a kan babura. In an ɗauki yarinya ɗaya ko biyu a hanyar gona, ba gidan rediyon da zai faɗa, ba gwamnan da zai je jaje. Rashin jin labarin a birni bai rage wa uwarta zafin ba.

Iyayen da suka ga hanya ba za ta biyu ba, suna kuma son karatun, abin da suke yi shi ne su kai yarinyar riƙo gidan gwaggo ko wani ɗan garinsu a cikin gari. Ita ma wannan ba a ɗakin uwarta take kwana ba, Malam. Akwai gidajen da ake riƙe ta da amana, Allah ya saka musu. Akwai kuma inda take zama 'yar aiki marar albashi: ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce aike da daddare, ita ce ta ƙarshe a cin abinci. In wani namiji a gidan ya taɓa ta, wa za ta gaya wa? Zumunci zai rufe bakinta, a ce rufin asiri. A makarantar kwana aƙalla akwai rajista, akwai metiron, akwai shugabar da za a iya tuhuma. Gidan riƙo ba mai leƙa shi. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Mafi yawan iyaye ma ba sa kaiwa ga riƙon. Yarinya ta gama aji shida ko ƙaramar sakandare, sai ta zauna. Ga ta ta girma, ba karatu ba sana'a, masu nema suna sallama a ƙofar gida. Me uba zai ce musu? Ba aure nake kushewa ba, ni ma matar aure ce. Abin da nake cewa shi ne makaranta ce take ba uba amsar da jama'a suke karɓa: "Tana karatu, sai ta gama." In aka ɗauke masa wannan amsa, ba shi da wata. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matan da ba su yi makaranta ba suna aure ne a wajen shekara 16, waɗanda suka yi sakandare kuma a wajen 22. Mu malamai ba ma buƙatar bincike kafin mu san wannan. Duk dogon hutu yana cin 'yan mata. Da aka rufe makarantu saboda korona a Maris ɗin 2020, ranar da aka dawo na kira suna a aji, ina kira 'yan bayan aji suna amsawa a madadin wasu: "Malama, an ɗaura mata." Wannan hutun watanni ne kawai. Kai kuwa rufewa ta dindindin kake nema.

Ka ce maganin nisa shi ne a gina sakandare a kowace mazaɓa. A nan ina tare da kai har rabin hanya. Yarinya 'yar firamare ba ta da abin yi a makarantar kwana, kusa da uwarta ya kamata ta yi karatu. Binciken da Dana Burde da Leigh Linden suka yi a lardin Ghor na Afganistan ya nuna da aka buɗe makaranta a cikin ƙauye, shigar 'yan mata ta ƙaru ƙwarai, har tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ɓace. Ƙaramar sakandare ma a matso da ita, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta wajabta wa gwamnati shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020, aka fara shi da jihohi bakwai ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, yana gina irin waɗannan ajujuwa, kuma ina murna da su.

Amma babbar sakandare ba bulo da kwano ba ce kawai. Yarinyar da take son shiga makarantar ungozoma ko ta jinya sai ta kawo kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. Ina za ka samo malamin fizis ga kowace mazaɓa, alhali manyan makarantun cikin birni ma aron sa suke yi? Ina ɗakin gwaje-gwaje? Malama mace mai digiri, da wane gida da wane ruwa za ka zaunar da ita a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina? Abin da yake faruwa shi ne a rataya allo a rubuta sakandare, a turo malamai uku su koyar da darasi tara, yara su gama ba wanda ya ci jarrabawar WAEC ko NECO. Uba ya ga an ɓata wa 'yarsa shekara uku a banza, ya rantse ƙanwarta ba za ta je ba. Idan malamai sun yi kaɗan, ɗalibai kuma sun warwatsu a ƙauyuka, dole ɗaya ya je wurin ɗaya. Da wannan lissafin jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura, duka na kwana. Je ka tambayi likitoci mata da malaman jinya na Arewa waɗanda suka fito daga karkara inda suka yi sakandare. Za ka ji Taura, za ka ji Kazaure, Bakori, Minjibir, Tambuwal. Ba na jin za ka sami da yawa da za su ce maka a ƙafa suka riƙa zuwa daga ƙauyensu.

Wannan magana ta wuce yarinyar ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A ƙauyukanmu akwai maigidan da ba zai kai matarsa asibiti ba in namiji ne zai karɓi haihuwar, ungozomar da aka turo daga birni kuma ba ta zama. Wadda za ta zauna ita ce 'yar garin. Shirin Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya gane haka. Ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da yardar jama'arsu, a ba su shekarar share fage kafin su shiga makarantun jinya da ungozoma. Cikin abubuwan da ya tarar dole ya yi tun farko akwai gina ɗakunan kwana na mata da wurin rainon jarirai, domin in ba su, ba uba ko mijin da zai saki tasa. Ran 'ya da ka ce ya fi takarda, gaskiya ne ya fi. Ran wadda take naƙuda kwana biyu a ƙauyen da ba ungozoma shi ma rai ne, kuma takardar waccan yarinyar ce za ta cece shi.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fuskanci wannan tambaya gaba da gaba. A can kusan kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Da Mohamed Bazoum ya hau mulki a Afrilun 2021, ya sha bayyana dalilin da ya gano: yarinya ta ci jarrabawar shiga koleji, kolejin tana wani gari, iyaye ba su yarda da zaman gidan mai masauki ba, sai su cire ta su yi mata aure. Ya yi alƙawarin gina gidajen kwana 100 na 'yan mata, aka fara da na Kelle a yankin Gure, jihar Damagaram. An hamɓarar da shi a Yulin 2023, kuma ra'ayin kowa a kan siyasarsa nasa ne. Amma Nijar ma tana fama da 'yan bindiga, kuma duk da haka abin da aka ga ya dace da 'yar karkara shi ne a ba ta amintaccen makwanci kusa da aji.

Ka kuma taɓo tarbiyya, ka ce makarantar kwana tana raba yarinya da idon uwa a shekarun da ta fi buƙatarsa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma iyayen ƙauye sun riga ka yin ta. Ba na manta wani dattijo da ya kawo 'yarsa ranar farko, akwatin ƙarfe a ɗaure a bayan keke, bokiti da tsintsiya a hannunta, ƙullin ƙanzo da ƙuli-ƙuli a leda. Bai tambayi sakamakon jarrabawar makarantar ba. Ya ce a nuna masa ɗakin. Aka ce maza ba sa shiga, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, wa ke kwana da su?" Na kira masa metiron, dattijuwa ce mai furfura. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Baba, ga amana nan." Sannan ya tambaya ko ruwa a ciki yake ko fita suke yi ɗiba. Da ya ji amsa ya hau kekensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wannan bawan Allah ya san haɗarin da yake gudu, ya kuma san sharuɗɗan da in an cika su zai bar 'yarsa. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, dattijai mata amintattu ta zaɓa, waɗanda ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su ne suke jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta su koma da karatu. Ta san nisa matsala ce, ta kuma san amanar dattijuwa ce take sa a saki mace ta yi tafiya.

Abin da yarinya take samu a ciki kuwa, wanda bai gani ba ba zai gane girmansa ba. Gado nata ita kaɗai. Abinci sau uku, ko da gabza ce da miyar kuka tsululu. Sa'o'i biyu na karatun dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ba mai aiken ta, ba mai kuka a bayanta. Babbar ɗaliba da za ta nuna mata yadda ake amfani da audugar mata ba tare da tsangwama ba. Na ga yaran da suka zo ba sa iya haɗa jimla ɗaya da Turanci, suka fita suna koya wa wasu lissafi. Ba ƙwaƙwalwa aka ƙara musu ba, lokaci aka ba su, abin da 'ya mace a ƙauye ba ta da shi.

Kada ka ɗauka ina wanke makarantun kwana yadda suke a yau. Da yawansu ba su cancanci a kai musu 'ya ba, kuma ni na fi ka sanin haka. Na san ɗakin da aka gina don yara arba'in aka cusa fiye da ɗari, biyu a katifa ɗaya, kuɗin cizo ya hana barci. Na san inda katanga ta faɗi shekaru ba a tayar ba, inda masai ya cika yara suna zagayawa bayan gini da daddare, inda rijiyar burtsatse ta lalace ana fita da su gari ɗibar ruwa a jere. Na san cin zalin manyan ɗalibai, na san malamin da yake kiran yarinya gidansa da sunan aike. Sai kuma gobara, wadda ba ka ma ambata ba. A Nuwamban 2015 wuta ta tashi a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, ɗalibai bakwai suka rasu. A Mayun 2023 yara 20 suka mutu a gobarar ɗakin kwana a Mahdia ta ƙasar Guyana, ƙofofi a kulle, tagogi da ƙarafuna. Wannan darasi ne mai nauyi a gare mu, domin tsoron ɓarayi yana sa a datse ɗaki da kwaɗo ta waje a tafi da makulli, abin da aka yi don tsaro ya zama shi ne ajali. Duk ɗakin da 'yan mata suke kwana, dole makullinsa ya kwana a ciki, a hannun mace babba, kuma ƙofa ta zama fiye da ɗaya.

Waɗannan duka laifuffuka ne da suke da masu su, kuma suna gyaruwa. Makarantar da aka gina a tsakiyar daji a zamanin zaman lafiya, a dawo da ɗakunan kwananta cikin gari, inda ihu ɗaya zai tayar da unguwa, kusa da ofishin 'yan sanda. Ba lalle sai katafariyar makaranta mai ɗalibai dubu biyu ba. Ƙaramin gidan kwana mai ɗaukar yara ɗari ko ƙasa da haka, a jikin sakandaren jeka-ka-dawo ta hedikwatar ƙaramar hukuma, 'yan gari su riƙa zuwa daga gida, 'yan ƙauye su kwana, inda hanya take da lafiya ma su je gida ƙarshen mako. Wannan ya rage yawan da kake tsoro, ya kuma kusanto da uwa. Ruwa da banɗaki su kasance cikin katanga, a sa fitilun sola, a ɗauki metiron da aka horar ana biyanta albashi a kan kari. Maigadi tsoho mai gora da tocila a bar masa buɗe ƙofa da rana, a kawo masu tsaro na gaske da dare, da lambar da in an kira za a ɗauka a kuma zo. Uwaye mata su sami kujera a kwamitin makaranta, da ikon shiga ɗaki su duba ba tare da sun sanar ba.

Za ka ce ina kuɗin? Wannan tambaya ce da ya kamata mu haɗu mu yi wa gwamnati. Tun Mayun 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara kwatankwacinsa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo a 2015, ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a Abuja a Oktoban 2021. A Disamban 2022 aka fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 a kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Duk da haka a Afrilun 2024 UNICEF ta ce a jihohi goma da ta duba, kashi 37 cikin ɗari na makarantu ne kawai suke da tsarin gargaɗi kafin hari. Gwamnan da ya karanta rubutunka zai ji daɗinsa, Malam, ko da ba haka ka nufa ba. Rufe makarantar kwana ya ɗauke masa kuɗin ciyarwa, ya ɗauke masa katanga da albashin masu gadi, ya kuma ba shi damar cewa ya yi wani abu. Da alƙalaminka ka sauke masa nauyin da ya rantse zai ɗauka. Masu hali kuwa ba su daina kai 'ya'yansu makarantun kwana masu zaman kansu ba, masu doguwar katanga da jami'an tsaro a ƙofa. Ta gwamnati ita kaɗai ce ta talaka.

Akwai wuraren da ni ma ba zan bar yarinya ta kwana ko dare ɗaya ba a yanzu, inda 'yan bindiga suke karɓar haraji a hannun manoma, hukuma ba ta iya shiga. A irin waɗannan wurare a kwashe yaran, kada a jira. Amma a kwashe su zuwa wata makaranta, da sunayensu a rubuce, da motar da za ta kai su, da gadon da yake jiransu. An taɓa yin haka: bayan Chibok an mayar da ɗalibai fiye da 2,000 daga Borno, Yobe da Adamawa zuwa kwalejojin gwamnatin tarayya a wasu jihohi. Abin da aka fi yi tun daga harin makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020 shi ne sanarwa a rediyo cewa kowa ya zo ya ɗauki ɗansa, shi ke nan. UNICEF ta ce makarantu fiye da 11,000 aka rufe daga wannan lokaci, abin ya shafi karatun yara kusan miliyan 1.3 a shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021.

Saboda haka ga roƙona gare ka. Kana da shafi, ana karanta ka, kwamishinoni suna ɗaukar wayarka. Ka zaɓi jiha ɗaya cikin waɗanda suka rufe makarantun kwana ko suka mayar da su na jeka-ka-dawo tun 2021. Ka nemi ma'aikatar ilimi ta ba ka rajistar 'yan matan da suke ciki ranar da aka rufe, ta kuma nuna maka nawa ne cikinsu suka zauna jarrabawar ƙarshe, a ware na cikin gari daban, na ƙauye daban. In sun ba ka, ka buga mu gani, in alƙaluman sun gaskata ka zan rubuto in faɗa. In kuma suka ce ba su da wannan lissafi, to ka buga hakan, ka tambaye su dalilin da ya sa aka sallami 'ya'yan mutane ba wanda ya bi sawunsu.